Damboa, Molai, Marte: Sunayen Lantarki Da Suka Zama Sunayen Yaƙi

Idan aka ambaci Dala, na san galibin masu karatun wannan shafi Kano hankalinsu zai tafi, wajen dutsen nan da tarihi ya ce Barbushe ya zauna a kansa, ko kuwa asibitin ƙashi. To, ba wannan Dala na ke nufi ba. Akwai wata Dala a Maiduguri, babban birnin Jihar Barno, wadda ba ta da dutse, ba ta kuwa da maroƙan da za su yi mata kirari. Unguwa ce ta talakawa a gefen gari ta kudu maso yamma, inda za ka ji ana cewa Dala Lawanti ko Dala Alamderi, kuma tun sa'ad da fitinar Boko Haram ta koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin birni ta cika ta batse. Abin da ya sa na ɗauko zancenta shi ne wurin da Allah ya ajiye ta. Tana tsakanin manyan hanyoyi biyu, watau hanyar Damaturu da hanyar Damboa, kuma waɗannan hanyoyi biyu su ne manyan wayoyin lantarki suka biyo suka shigo Maiduguri. Saboda haka duk abin da ya sami wayar, ko ya sami hanyar, mutumin Dala yana cikin waɗanda za su fara ji a jikinsu.

Jama'a, ku samo taswira biyu ku shimfiɗa su gefe da gefe, ɗaya ta injiniyoyin lantarki, ɗaya ta hafsoshin sojan da ke yaƙi a Arewa maso Gabas. Za ku tarar sunaye iri ɗaya ne a jikinsu: Damboa, Molai, Auno, Jakana, Mainok, Benisheikh, Marte. Wurin injiniya, waɗannan sunayen tashoshi ne, ko wuraren da turakun ƙarfe suka ratsa. Wurin soja kuwa sunayen fagagen fama ne inda ya rasa abokan aikinsa. A ganina ba haka kawai abin ya faɗo daga sama ba. Mu ne muka rataye birni mai mutane fiye da miliyan ɗaya a jikin waya ƙwaya ɗaya wadda ta ratsa daji, sa'an nan muka koma muna mamaki don abokin gaba ya gane inda maƙogwaronmu ya ke.

Bari mu fara da Damboa. Tsohon layin da ya daɗe yana kawo wa Maiduguri wuta, mai ƙarfin bolt 132,000, daga Gombe ya taso, ya biyo ta Biu, ya yada zango a Damboa, kana ya miƙe zuwa birni, tafiyar kilomita kusan 90. Damboa kuwa, kamar yadda kowa ya sani yanzu, maƙwabciyar dajin Sambisa ce. Lokacin da aka kafa turakun, Sambisa gandun namun daji ne, ba wanda ya yi mafarkin abin da zai zama, don haka ba na ganin laifin waɗanda suka zana hanyar. Amma a cikin watan Yuli na 2014 mayaƙan Boko Haram suka afka wa garin Damboa, suka kashe na kashewa, dubban mutane suka gudu, kayan lantarki suka lalace cikin artabun, Maiduguri ta shiga duhu na watanni. Wannan shi ne gargaɗin farko, kuma da babbar murya aka yi shi.

Me aka yi da gargaɗin? Aka dogara ga sabon layi mai ƙarfin bolt 330,000, wanda ya taso daga Gombe ya biyo ta Damaturu, ya sauka a babbar tashar da aka gina a Molai. Wannan aiki ne mai kyau, ba wanda zai kushe shi, gama ya fi tsohon layin ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai dai ina ne Molai? Ƙauye ne a bakin Maiduguri a kan hanyar nan dai ta Damboa. A da, in an ce Molai, asibitin kutare a ke nufi, wanda 'yan mishan suka kafa tun zamanin Turawa. Daga baya sunan ya koma na tashar lantarki. Ba a jima ba kuma ya koma sunan wurin da a ke kai hari, domin a watan Mayu na 2019 'yan bindiga sun auka wa Molai da sansanin sojan da ke can, an yi hasarar rayukan soja da na farar hula. Watau cikin rayuwar mutum ɗaya sunan ƙauye ɗaya ya ɗauki ma'ana uku, ta ƙarshen kuwa ita ce ta fi tsayawa a zukatan mutane.

Shi kansa sabon layin, kilomita wajen 130 ya ke tafiya tsakanin Damaturu da Maiduguri, kafaɗa da kafaɗa da hanyar mota. Duk direban da ya taɓa ɗauko shanu ko wake ko busasshen kifi daga Barno zuwa Kudu ya san wannan hanya, ya kuma san addu'ar da a ke yi kafin a shige ta. A Benisheikh aka tare matafiya aka yi musu kisan gilla a watan Satumba na 2013. A Auno aka ƙone matafiya cikin motocinsu da dare a watan Fabrairu na 2020, suna jiran gari ya waye a buɗe musu ƙofar shiga birni. Hanyar da mutum mai rai, mai ido, mai ƙafar gudu, bai tsira a kanta ba, ina turken ƙarfe wanda ke tsaye wuri ɗaya dare da rana zai tsira?

Aka wayi gari kuwa a watan Janairu na 2021, mayaƙan ISWAP suka sa nakiya suka kayar da turakun wannan layi. Maiduguri ta yi ɗif. Ma'aikatan kamfanin TCN, mai kula da manyan wayoyin ƙasa, suka fita gyara da rakiyar soja, kuma a watan Fabrairu motarsu ta taka nakiyar da aka binne, wasunsu suka ji munanan raunuka. A nan ya kamata mu tsaya mu sara wa waɗannan bayin Allah. Mun saba zagin ma'aikacin lantarki tun zamanin NEPA, amma mutumin da ya hau turke a dajin Jakana, ya san ana iya hango shi daga nesa da bakin bindiga, ba shi da bambanci da soja sai kaki. Suka daure suka gama aikin, aka maido da wuta a ranar 24 ga watan Maris, yara suka yi ta sowa a unguwanni. Kwana uku kacal, ranar 27 ga wata, aka sake tayar da turakun da nakiya. Daga nan sai ƙarshen shekara aka fara ganin ƙyallin wuta, ita ma ba cikakkiya ba.

Mai karatu, ka dubi kalandar wannan shekara. Azumin watan Ramalana ya kama ne a tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Maiduguri ke haura digiri 40. Babu fanka, babu ƙanƙara sai wadda aka yi da janareta a ke sayarwa da tsadar tsiya. Mai hali ya sayi man dizal, ko ya kafa faranti mai zuƙar hasken rana a kan rufinsa. Mutumin Dala fa? Mai walda ya rufe rumfa, yaran da ke koyon aiki a wurinsa suka watse cikin gari. Tela ya koma keken ƙafa ana gab da ɗinkin salla. Mai injin niƙa ya ƙara kuɗin markaɗe, matar da ke tuyar ƙosai ta ƙara wa mai saye, mai saye kuwa ɗan gudun hijira ne wanda ko gona ba shi da ita. Babban abin ma shi ne ruwa. Galibin unguwannin gefen gari da rijiyar burtsatse suka dogara, ita kuwa ba ta ba da ruwa sai da wuta. In wuta ta ɗauke, mai rijiya ya tada janareta, ɗan garuwa ya ƙara kuɗin jarka, uwar gida ta rage na wanka da na wanke-wanke. A unguwar da mutane suka yi cunkoso haka, kowa ya san abin da ƙarancin ruwa mai tsabta ke jawowa. Ba a manta ba, a Dala ɗin nan ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wurin jiyyar masu amai da gudawa sa'ad da annobar ta ɓarke a 2017.

Wanda ya dasa nakiya a gindin turke ya san duk wannan lissafi. Da 'yan mutane kaɗan da babur biyu ko uku ya durƙusar da sana'ar birni guda, ya kuma nuna wa talaka cewa gwamnati ba ta iya kare ko da wayarta. Ba kuwa sabuwar dabara ba ce a wurinsu, gama tun a 2012 suka bi turakun wayar salula suna ƙonewa. Abin da ke ba ni haushi shi ne mu ne muka yi kamar sabon abu ne a wurinmu, alhali kuwa ƙasar nan ta karanta wannan darasi tun yaƙin basasa, ta kuma biya kuɗin makaranta da jini.

Dattawan da suka yi wancan yaƙi, ko suka bi labarinsa a rediyo, za su tuna da sunan Afam. Tashar lantarki ce kusa da Fatakwal wadda hukumar ECN ta gina a farkon shekarun 1960, tana aiki da iskar gas ta rijiyoyin man da ke kewaye da ita. Da yaƙi ya ɓarke a 1967 ita ce babbar madogarar 'yan tawaye wajen wuta. Shi ya sa sojan Gwamnatin Tarayya na runduna ta uku, a ƙarƙashin Kanar Benjamin Adekunle, suka sa ta a gaba a kan hanyarsu ta shiga Fatakwal, wadda ta faɗi a watan Mayu na 1968. Haka nan Oji River, tashar da aka buɗe a 1956 mai ƙona gawayin kwal na Inugu, tana kan hanyar Inugu zuwa Anacha, yaƙi ya bi ta kanta. Su ma 'yan tawayen ba su bar bashi ya kwana ba. A watan Mayu na 1969 wani Bature ɗan ƙasar Suwidin, mai suna Carl Gustaf von Rosen, ya zo musu da ƙananan jiragen sama guda 5, ya kai hari filayen jirgin sama na Fatakwal da Binin da Inugu, sa'an nan ya juya kan tashar lantarki ta Ughelli. Ka ga ke nan kowane ɓangare ya san cewa wanda ya kashe wa abokin gaba fitila ya karya masa hannu ɗaya.

Ana tsakiyar wannan yaƙi ne, a watan Fabrairu na 1969, Janar Yakubu Gowon ya buɗe madatsar ruwa ta Kainji. Bayan yaƙi, a 1972, aka haɗe ECN da hukumar madatsun Kwara aka haifi NEPA. Tunanin wancan lokaci shi ne a haɗa ƙasa duka da waya ɗaya, yadda wutar Kainji za ta haskaka Ikko da Kano da Inugu gaba ɗaya, kowa ya ji cewa ƙasa ɗaya mu ke. Niyya ce mai kyau, ta kuwa dace da zamanin sulhu. Amma an ɗauki rabin darasin an bar rabi. An tuna cewa waya tana haɗa kan jama'a, an manta cewa wanda ke can ƙarshen igiya shi ne zai fara faɗuwa in an tsinke ta. Aka rufe ƙananan gidajen wuta na garuruwa ɗaya bayan ɗaya, aka ce kowa ya jira babban layi. Wutar da za ta kunna ƙwai ɗaya a Dala sai ta taso daga Shiroro ko Kainji ko ma can Kudu, ta bi Kaduna, ta hau Jos, ta gangara Gombe, ta ratsa Damaturu, kafin ta iso Molai. Mutumin Barno shi ne na ƙarshe a layin rabo, shi ne kuma na farko a layin yankewa.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa sama ba. A ƙasar Mozambik an gina babbar madatsar Kahora Basa a kan kogin Zambezi, aka ja waya ta kilomita wajen 1,400 zuwa Afirka ta Kudu. Cikin shekarun 1980 'yan tawayen Renamo suka bi turakun suna kayarwa ɗari bisa ɗari, madatsar na nan lafiya lau amma wutarta ba ta da hanyar fita, sai bayan an yi sulhu, a ƙarshen shekarun 1990, aka farfaɗo da layin. Duk injiniyan da ya yi karatu a wancan zamani ya san wannan labari.

Sunan da ya fi sosa mini rai cikin jerin nan shi ne Marte. Yaran yanzu ba su san Marte da kome ba sai yaƙi. A yankinta, wajen Kirenowa, soja suka fara kai farmaki kan sansanonin 'yan Boko Haram bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a watan Mayu na 2013. A watan Fabrairu na 2021 ta sake faɗawa hannun mayaƙa, har babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, marigayi Janar Ibrahim Attahiru, ya ba dakarunsa awa 48 su ƙwato ta. A watan Mayu na 2025 aka sake auka wa sansanin sojan da ke can. Amma ku tambayi tsofaffin ma'aikatan Hukumar Raya Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1973, su gaya muku mece ce Marte. A nan ne aka shirya babban aikin noman rani na kudancin tafkin, wanda aka tsara zai shayar da kadada 67,000 ta alkama da shinkafa. Aka haƙa magudanar ruwa daga tafki, aka kafa manyan famfuna a Kirenowa, kuma domin a juya famfunan aka gina gidan wuta a Sabuwar Marte mai ƙarfin megawat wajen 30. Ku riƙe wannan adadi, za mu komo kansa. Watau a ƙarshen shekarun 1970 Barno tana da tashar wutarta ta kanta, a cikin ƙasarta, wadda ba ta jiran kowa daga Jos ko Kaduna.

Sai fari ya zo a farkon shekarun 1980, tafki ya janye, magudana ta bushe, famfuna suka tsaya. Wannan ikon Allah ne, ba mai ja. Amma barin injuna su yi tsatsa, da ƙin ja musu waya mai ƙarfi zuwa Maiduguri domin su zama abin dogaro ranar wuya, wannan kam aikin mutum ne. Gwamnatoci nawa suka zo suka wuce, na soja da na farar hula, kowace ta yi alkawarin farfaɗo da aikin Chadi? Wurin da ya kamata ya ɗauki dubban samari aikin gona da na kanikanci, shi ne ya zama kufai, kufan kuwa ya zama maɓoyar masu ɗaukar samarin nan aikin bindiga. Ba na cewa rashin wuta ne ya haifi Boko Haram, wannan zance ya fi haka zurfi. Amma gidan da aka bari ba kowa, ba a zaɓar wanda zai tare a cikinsa.

Kada kuma ɗan'uwana na Kano ko Katsina ko Sakkwato ya ce wannan matsalar Barebari ce. Shiroro, inda aka buɗe madatsa mai megawat 600 a 1990, ita ma sunanta ya sauya ma'ana. A watan Afrilu na 2021 Gwamnan Jihar Neja na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya fito da bakinsa ya ce 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure, cikin Ƙaramar Hukumar Shiroro. A watan Oktoba na 2024 kuwa, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna a dajin da ma'aikata ba su iya shiga sai da soja, sai ɗaya layin da ke biyowa ta Inugu da Makurɗi shi ma ya sami matsala, galibin jihohin Arewa suka kwana fiye da mako guda cikin duhu. Abin da Dala ta sha kusan shekara guda, Fagge da Sabon Gari sun ɗanɗana shi na 'yan kwanaki, kuma kowa ya ji irin ihun da aka yi.

Gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta: bayan duhun 2021 an yi wani abin kirki. Gwamna Babagana Umara Zulum ya kai kuka wurin Shugaba Muhammadu Buhari, aka umurci kamfanin mai na NNPC, wanda Malam Mele Kyari ke shugabanta a lokacin, ya gina wa Maiduguri tashar wuta ta gaggawa. Aka gina ta a hanyar Baga, an tsara ta ba da megawat 50, Shugaba Buhari ya buɗe ta a watan Maris na 2023. Madalla. Ga shi an dawo kan abin da aka sani tun zamanin Marte, cewa gari mai nisa yana bukatar murhunsa a cikin gidansa. Sai dai ku gwada adadin biyu: 30 a Marte tun shekaru fiye da 40 da suka wuce, 50 a hanyar Baga ga birnin da ya ninka kansa ba sau ɗaya ba. Sa'an nan da me tashar ke aiki? Da iskar gas wadda aka mayar ruwa, a ke ɗaukowa cikin tankoki tun daga Jihar Ribas, ƙasar Afam ke nan, a ratsa Nijeriya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Tankokin nan kuwa ta ina za su shiga Maiduguri? Ta Benisheikh da Mainok da Jakana da Auno. An sauke kayan daga kan waya an ɗora su a kan taya, amma hanyar ita ce dai ta jiya. Bututun gas na Ajaokuta, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, an zana iyakarsa a Kano ne, bai san da zaman Barno ba.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce maganin abin shi ne a gama yaƙi, in an gama waya za ta zauna lafiya. Haka ne. Amma yaƙin nan tun 2009 a ke yinsa, yaron da aka haifa a shekarar ya isa aure yanzu, ba kuwa za a ce wa mai walda ya jingine cikinsa sai ranar da aka sa hannu a takardar sulhu ba. Wasu kuma za su ce a zuba soja su tsare layin. Turakun nan ɗaruruwa ne. In ka ajiye soja goma a gindin kowane ɗaya ka kwashe rundunar da za ta shiga daji, in ka ajiye biyu ka ba da su sadaka. Sintiri yana da amfani, jirgin leƙen asiri marar matuƙi yana da amfani, amma wanda ya ce zai tsare kowane turke dare da rana, yaudarar kansa ya ke yi.

Abin da hankali zai ɗauka shi ne a rage wa turken daraja a idon mai nakiya. In ya san cewa ko ya kayar da shi rijiyoyin Dala za su ci gaba da zubo da ruwa, asibitin unguwa zai ci gaba da sanyaya allurar rigakafi, layin masu walda zai ci gaba da tartsatsi, to, wahalarsa ta zama ta banza. Allah bai hana Barno rana ba. Zafin nan da mu ke kuka da shi, shi ne arzikin. An riga an gwada a Jami'ar Maiduguri da asibitin koyarwarta, inda Hukumar Lantarkin Karkara ta kafa tashar hasken rana mai megawat 12. Abin da aka yi wa malaman jami'a, me zai hana a yi wa unguwar talakawa ƙaraminsa? Ba sai an jira babban aiki na biliyoyin Naira wanda za a yi shekara biyar ana rigimar kwangilarsa ba. Ƙananan tashoshi a ke bukata, wannan ta ɗauki rijiyoyin unguwa da makarantarta, waccan ta ɗauki kasuwa da masu sana'a, a warwatsa su yadda ba mai iya kashe su da bugu ɗaya. Uzurin da gwamnonin jihohi suka daɗe suna fakewa da shi, cewa lantarki hurumin Gwamnatin Tarayya ne, ya ƙare tun 2023, sa'ad da aka gyara tsarin mulki aka kuma sa hannu a sabuwar dokar lantarki wadda ta ba kowace jiha ikon samar da wutarta da rarraba ta.

Kada kuwa a zauna jiran ɗan kasuwa shi kaɗai. Mun ga yadda ta kaya. An sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, amma waɗanda suka sayi na Yola, mai kula da Adamawa da Taraba da Yobe da Barno, ba su yi shekara biyu cikakku ba suka maida wa gwamnati kayanta a 2015, suka ce yaƙi ya hana su aiki. Ban ga laifinsu ba, mai neman riba ba ya shuka a fagen fama. Amma wannan ya nuna cewa wutar Barno ba ciniki ba ce irin ta Ikeja. Kamata ya yi a sa ta cikin kasafin tsaro da na sake gina yankin, a kuma tambayi Hukumar Raya Arewa maso Gabas, wadda aka kafa dokarta a 2017, nawa ta kashe a wannan fanni, a ina, kuma fitila nawa ke ci a yau saboda kuɗin.

Game da manyan layukan kuwa, tilas a riƙe biyun duka da rai. A 2021 tsohon layin Damboa bai iya ɗaukar garin ba sa'ad da na Damaturu ya faɗi, shi ya sa aka rasa tudun dafawa. Gyaransa da tsaronsa aiki ne mai haɗari, na sani, amma mai ƙofa biyu ba a kulle shi da kwaɗo ɗaya. Sa'an nan a dubi garuruwan da wayar ke wucewa ta bisa kawunansu. Mutumin Jakana ko Mainok, wanda ya ga mutuwa da idonsa ya kuma dawo ya sake gina ɗakinsa, in shi ma yana shan wutar nan, yana da tiransifoma a garinsa, yana da ɗa cikin masu gadin layin da a ke biya albashi a kan kari, to, in ya ga baƙuwar fuska tana kewaya turke zai san wanda zai gaya wa. Ba na cewa a tura talaka marar makami ya tari mai bindiga. Cewa na ke a ba shi dalilin ɗaukar wayar nan tasa ce, a kuma rufa masa asiri in ya kawo labari.

Akwai kuma ma'aikatan da suka taka nakiya a hanyar Damaturu. Ya kamata Ma'aikatar Lantarki ta fito ta gaya wa jama'a irin kulawar da aka yi musu, da tanadin da ta yi wa iyalan duk wanda za a sake turawa wannan aiki, domin za a sake turawa. Majalisar Dokokin Jihar Barno kuma, musamman wakilan Jere da na cikin birni, su nemi a kawo musu lissafin rijiyoyin burtsatse da ƙananan asibitocin Dala da Bulumkutu da Gomari, a ware waɗanda har yanzu ruwansu da maganinsu ke rataye a jikin wayar Molai, a fara da su kafin bazara mai zuwa.